Farantin da Aka Kife a Tashar Belbeji

Akwai wani direba a Belbeji ana ce masa Hashimu, da matarsa Radiya. Duk wanda ya tambayi Radiya yadda suka haɗu, murmushi take yi ta sauya zance. Amma ba abin da ta manta a cikin wannan rana.

Shekararta goma sha tara a lokacin. Cikin bazara ne, ta je ɗibar ruwa a wata rijiya ta kwarin Tarka, jakinta ya tsinke ya gudu da jarkokin. Ta bi sawunsa har ta ɓace. Da ƙishi ya ci ƙarfinta sai ta zauna a kan wata jigawa, ta rasa gabas ta rasa yamma.

Can nesa wata mota tana wucewa da fasinja. Direban ya rage gudu ya ce, "Ku duba can, mutum ne a zaune."

Fasinja suka ce, "Kututture ne, shofer. Mu tafi, rana na cinmu."

Ya ce, "Kututture da jan kallabi? Ban taɓa gani ba."

Ya bar hanya ya nufi jigawar. Ya sauko da gorar ruwa, ya miƙa mata ba tare da ya kalli fuskarta ba. Bayan wata bakwai manyansa suka kai goro gidansu.

Haka idon Hashimu yake a wancan zamani. Daga Belbeji zuwa Gangara har Tanut, an san shi da hango rami tun kafin wani ya san akwai rami.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. Suka haifi ƴa ɗaya, Zuhaira. Hashimu yana jan tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ta wani Alhaji na Tanut. Radiya kuma tana sayar da shinkafa da wake da shayi a tasha, dab da rumfar direbobi.

A wannan rumfa direbobi ke zama kafin motocinsu su cika. Karta suke yi, wani wasa da ake ce wa foka, wanda wasu suka zo da shi daga hanyar Agadas. Kowa a ba shi kati biyar ya ɓoye. Wanda ya ga hannunsa ba ƙarfi sai ya jefa katinsa a kife cikin tarin da ke tsakiya, ya fita. Waɗanda suka rage su buɗe, mai hannu mafi ƙarfi ya kwashe.

Ba a sa kuɗi. Baba Aliyu, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya hana tun da daɗewa. Da ƙwallayen dabino ake yi, kuma wanda nasa suka ƙare shi ke wanke kofunan shayi har kwana uku.

Baba Aliyu ya kafa wa wasan doka. Katin da ya taɓa tarin tsakiya ya mutu, ko da sarakunan duniya ne a ciki. Abin da ke kan tabarma shi ake bi, ba abin da baki ya faɗa ba. Wanda kuma ya kira hannun da ba shi da shi da gangan, don ya tsorata abokin wasa ya jefar da nasa a lokacin buɗewa, wannan macuci ne. A kore shi daga rumfa shekara guda, a faɗi sunansa a tasha.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin hukunci ne. Direban wannan hanya ba mutane kawai yake ɗauka ba. Ana ba shi saƙo: maganin tsohuwa, takardar makaranta, kayan lefe. Wanda aka kira macuci a rumfa, da wuya wani ya sake damƙa masa ko ƙullin kuka.

A wurin Radiya ake ajiye kartar, cikin gwangwanin madara. Ba ta taɓa zama wasan ba, amma ta san shi fiye da rabin masu yinsa, don tana tsaye kan tukunya tana kallo. Idan gardama ta tashi, ita ke ɗauko babban farantin shayi ta kife a kan katin, ta ɗora dutsen murhu. Ba mai taɓawa sai an yi la'asar, Baba Aliyu ya zo ya raba.

Akwai abin da Radiya ta sani wanda ba ta faɗa wa kowa ba. Ko shi Hashimun ba ta faɗa masa ba.

Idonsa yana tafiya.

Da shayi abin ya fara. Zai tsiyaya a kofi, sai rabi ya zuba a faranti. Sai waya: saƙo ya shigo, ya miƙa mata ya ce, "Karanta mini, hannuna da baƙin mai," alhali hannun tas yake. Wata rana ya wuce ta a bakin kasuwa, kafaɗarsu ta kusa gogar juna, bai gane ta ba.

Ba ta ce komai ba. Ta sayo kofuna masu faɗin baki. Ta riƙa ajiye takalmansa wuri ɗaya kullum. Idan ta hango wani tafe sai ta ɗaga murya da gaisuwa tun daga nesa: "Malam Yakubu, barka da hantsi!" don mijinta ya ji sunan kafin mutumin ya iso. Mutane suna cewa Maman Zuhaira akwai fara'a.

Duk safiyar da ya tayar da mota, tana bin ƙurarsa da ido har ta ɓace. Ba ta iya cin abinci sai ta ji ya kira ya ce ya isa Tanut. Sau da yawa ta buɗe baki za ta yi masa magana, sai ta ga yadda yake shafa sitiyarin nan kafin ya kunna, ta haɗiye.

Ranar da abin ya faru, motar Hashimu ce a kan layi. Fasinja ashirin da uku sun rubuta suna, ana jiran wasu buhuna, an sa tashi bayan la'asar.

Kafin azahar aka zauna wasa. Hannu ya yi ta zagayawa har ya rage mutum biyu: Hashimu da Jika.

Jika matashin direba ne, bai fi shekara biyu da samun mota ba. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko a inuwa, kuma bakinsa ya fi injinsa ƙara.

Ya tura ƙwallayensa gaba ɗaya tsakiya ya ce, "Tsohon hannu, ka bi ko ka kwanta. Kofunan can suna kewarka."

Hashimu ya ɗaga katinsa ya duba. Ya matso da su kusa da fuska ya sake dubawa. Ya ɗan karkata su wajen haske. Radiya tana riƙe da ludayi, ta ga duk wannan.

Ya tura nasa ya ce, "Na bi. Ka fara neman sabulu, yaro. Zuciya biyar gare ni."

Kati biyar iri ɗaya babban hannu ne. Jika ya yi tsaki, ya watsa katinsa a kife cikin tarin, suka shige cikin sauran. Ya ce, "Kai, wannan tsoho da sa'a yake kwana."

Hashimu yana dariya ya shimfiɗa nasa a tabarma. Ya kai hannu zai kwashe ƙwallaye.

Yakubu, wani direba da ya fita tun farko, ya riƙe masa hannu. "Tsaya, Hashimu. Na ƙarshen nan ba zuciya ba ne."

Kowa ya sunkuya. Huɗu zuciya ne. Na biyar ja ne shi ma, amma mai kusurwa huɗu. Hannun ba komai a cikinsa.

Jika ya miƙe tsaye har ya ture butar alwala. "Sarki uku gare ni! Wallahi sarki uku! Ya yi mini ƙarya na jefar!"

Ya kai hannu cikin tarin zai tono katinsa. Yakubu ya buge hannun. "Ba a tono matacce."

"To a bar ni da macuci? Da furfura a gemu kana cuta saboda ƙwallon dabino? Wanda zai yi wannan a kan dabino me zai yi da saƙon mutane?"

Hashimu ya janye hannunsa. Yana kallon katin nan na biyar kamar wanda aka nuna wa rubutun da bai iya ba.

Radiya ta ajiye ludayi. Ta ɗauko faranti ta kife a kan komai, ta ɗora dutse.

Daga azahar zuwa la'asar ba wani dogon lokaci ba ne, amma a ranar nan lokacin ya ƙi tafiya.

Ta wanke kofi ɗaya sau uku. Ta zauna, ta tashi. Shinkafa ta kama a gindin tukunya tana tsaye a kanta ba ta ji ƙauri ba. Labari kuwa ya riga ya zagaye tasha. Ta ga wani ɗan kasuwa da ya kawo kwalin saƙo ya tsaya da shi a hannu, ya yi jim, ya juya da abinsa.

Ta duba inuwar da fasinja ke jira. Wani tsoho yana jan carbi. Ƴan mata biyu suna raba gyaɗa. Wata mata tana fifita wa jariri da gefen mayafi.

Ta kasa jurewa. Ta zagaya bayan motar, inda Hashimu yake ɗaure buhuna da igiya.

"Baban Zuhaira."

"Koma wurin tukunyarki."

"Me za ka ce wa Baba Aliyu?"

Ya ja igiyar da ƙarfi. "Zan ce da gangan na yi."

"Ba da gangan ka yi ba."

"Ke kika riƙe katin?"

"Shekara goma sha huɗu ina tare da kai. Ko goron wani ka tsinta a mota sai ka bi gari kana neman mai shi. Yau za ka tsaya gaban mutane ka ce kai macuci ne?"

Ya juyo. "Saurara, Radiya. Idan na ce cuta ce, su kore ni daga rumfa, saƙo ya ragu. Shekara ɗaya ce, mutane na mantuwa. Idan na ce kuskure ne, Jika zai tambaya wane irin kuskure, kati a tafin hannu da rana tsaka. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Alhaji. Gobe ba ni da makulli. Me na iya ban da wannan? Gona gare ni ko garke?"

Ta ja gefen zanenta ta ɗaga masa. Shi ya sayo mata shi daga Tanut watan da ya wuce.

"Mene ne a jikin zanen nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Furanni. Ni na zaɓa."

"Zabbi ne, Baban Zuhaira. Zabbi ne a jere. Ranar da ka kawo ka ce ga mai furanni, na ce sun yi kyau."

Ya saki igiyar. Ya daɗe yana kallon zanen. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Hanyar nan a kaina take. Ko a rufe idona zan kai Tanut."

"Hanya ka sani. Raƙumin da zai kwanta a kanta yau ba ka san shi ba."

"Idan kina ƙaunata, ki yi shiru. Abin da na roƙe ki ke nan. Ki yi shiru kawai."

Aka kira sallar la'asar. Ya ɗauki buta ya wuce ta.

Radiya ta yi sallarta a bayan rumfar abinci. Da ta sallame ba ta san surar da ta karanta ba.

Baba Aliyu ya zo yana dogara sanda. Rumfar ta cika har waje: direbobi, masu lodi, masu sayar da ruwa, har da fasinja. Ya zauna, ya sa aka ɗauke dutse, ya ɗaga farantin da kansa. Ya duba kati biyar ɗin, ya duba tarin.

"Jika, ina katinka?"

"Suna cikin tarin, Baba. Sarki uku."

"Wa ya sa su a ciki?"

"Ni. Amma shi ya ce..."

"Ya ce. Ka ga katinsa a ƙasa kafin ka jefa?"

"Ban gani ba."

"To kunne ka bi. Shekara biyu kana zama a rumfar nan ba ka koyi jiran ƙiftawar ido ɗaya ba? Da ka riƙe abinka har ya shimfiɗa nasa, da yanzu shi ke wanke kofi. Naka sun mutu. Hannu ɗaya ne ya rage a raye, ko da ba komai a cikinsa. Ƙwallaye na Hashimu ne."

Jika ya buga cinya. "Haka za a yi? Mutum ya yi ƙarya ya ci?"

"Zauna. Ban gama ba. Wannan maganar kati ce. Saura maganar mutum."

Ya juya ga Hashimu. "Ɗana, ka kira zuciya biyar, huɗu ne a ƙasa. Da gangan ne ko kuskure? Ka san abin da kowace amsa take jawowa."

Hashimu ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki, ya rufe. Wani daga baya ya ce, "Shirun nan ma amsa ne."

Baba Aliyu ya ɗaga sanda aka yi tsit. Ya ce, "Al'adarmu, wanda ya kife faranti ana tambayarsa abin da ya gani. Maman Zuhaira, kina tsaye a nan. Na san mijinki ne. Idan kin ce ba za ki iya ba, ba mai ganin laifinki."

Duk idanu suka koma kanta. Hashimu bai ɗago ba, amma ta ga yatsunsa sun damƙe gefen tabarma.

Ta ce, "Baba, na ga ya duba katin sau uku. Na ga ya matso da su har kusa da hancinsa. Na ga ya karkata su wajen haske. Mai shirin ƙarya ba ya wahalar da kansa haka, ya riga ya san abin da ke hannunsa."

Ta numfasa. "Mijina bai taɓa cutar kowa ba, kuma ba zan tsaya a nan in ji an ce ya yi ba, ko da shi da kansa ne ya faɗa. Abin da ya rage ba ni ke da faɗinsa ba."

Daga inuwar fasinja matar nan mai jariri ta ɗaga murya, ba ta ma san abin da ake ciki ba: "Shofer, don Allah yaushe za mu tashi? Jikin yarinyar nan da zafi, ina so mu isa da sauran rana."

Hashimu ya juya wajen da muryar ta fito. Ya ƙanƙance ido yana neman mai maganar a cikin mutane. Radiya ta ga bai same ta ba.

Ya sa hannu a aljihu. Ya fito da makullin mota, ya ajiye shi a kan farantin. Ƙarar ta yi ƙarama, amma kowa ya ji.

"Baba, ba da gangan ba ne." Ya ɗauki katin nan na biyar ya riƙe shi a gabansa. "Kun ce mai kusurwa ne, na yarda. Amma wallahi har yanzu da nake kallonsa, zuciya nake gani. Idona ya lalace. A nemo wanda zai kai mutanen nan."

Yakubu ya ce, "Innalillahi," a hankali.

Jika ya cire tabarau. Wannan ne karon farko da wasu suka ga ƙwayar idonsa. Ya tsuguna gaban Hashimu.

"Yaya Hashimu, bakina ya yi gudu. Na kira ka da sunan da ba naka ba a gaban mutane. Ka yafe mini."

"Tashi. Ni na jawo."

Baba Aliyu ya ɗauki makullin ya miƙa wa Jika. "Taka ba ta fara lodi ba. Kai za ka kai su. Ka tuƙa kamar uwarka ce a baya."

Jika ya karɓa da hannu biyu. Ya kai bakin rumfa, ya waiwayo. "Amma Baba, wallahi sarki uku gare ni."

Dariya ta ɓarke, har Hashimu sai da ya murmusa. Yakubu ya ce a buɗe tarin a gani. Baba Aliyu ya tattara kartar duka ya cakuɗa ta, ya ce matacce ba a duba fuskarsa. Har yau ba wanda ya san abin da Jika ya jefar. Kofuna dai ya wanke su kwana uku.

Washegari Alhaji ya aiko wani direba ya karɓi motar. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Bayan kwana biyu Jika ya ɗauki Hashimu da Radiya a kujerar gaba, ya haɗa su da motar Damagaram. Washegari tun safe suka bi layi a wurin likitan ido. Da aka kira su, likita ya haska masa fitila, ya ɗiga masa magani, ya sa shi karanta allo. Layin sama kawai ya iya.

Likitan ya ce, "Malam, tun yaushe ka fara ganin sauyi?"

Hashimu ya ce, "Kamar wata biyu."

Radiya tana zaune a gefe. Ta ce, "Shekara ɗaya da wata huɗu ne, likita. Tun kafin damanar bara."

Hashimu ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

Likitan ya ajiye alƙalami. Ya ce ciwon irin wanda ke cin ido a hankali ne ba tare da zafi ba. Abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage ana iya tsare shi da maganin ɗigawa safe da yamma, muddin ba a yi wasa ba. Na hagu ya yi nisa. Na dama da saura. Tuƙi kuwa ya ƙare.

"Da kun zo bara," ya fara, sai ya dubi fuskar Radiya ya bar maganar a nan.

Suka fito suka zauna a kan benci ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ya miƙa mata, wannan karon bai ce komai game da hannunsa ba.

Baba Aliyu ne. Ya ce sandika ta zauna. Suna son mutum ɗaya da zai riƙa karɓar duk saƙon tasha yana raba wa direbobi, kuma ba a yi gardama a kan suna ba, Hashimu aka zaɓa. Ya ce mutumin da ya ajiye makullinsa da hannunsa don kada ya ɗauki ran mutane a kan ido mara kyau, ba wanda zai ji tsoron ba shi kwali. Ya ce ɗan kasuwar nan da ya juya da kayansa ya dawo da su tun jiya, ya ce sai Hashimu ya dawo.

Ta faɗa masa duka. Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana juya kwalbar maganin a hannu.

"Shekara ɗaya da wata huɗu," ya ce. "Ni kaina ban yarda ba sai bayan sallar layya. Ke kin riga ni sani."

"Na riga ka."

"Kina kallona ina ɗaukar mutane."

"Ina kallo."

"Me ya hana ki faɗa?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Na ga yadda kake son motar nan. Na ce bari gobe. Gobe ta zo na ce bari ya dawo daga Tanut. Ina cewa tausayinka nake ji. Tsoro nake ji, kada ka kalle ni a matsayin wadda ta raba ka da aikinka. Idon hagun nan, da hannuna a ciki."

"Da kin faɗa da na yi fushi."

"Da ka yi."

"Da wataƙila na yi wata guda ban yi miki magana ba."

"Da ka yi wata guda kana fushi da ido biyu."

Can ya miƙa mata kwalbar, ya ɗaga kansa sama, ya buɗe idon dama da yatsa. Ta tashi tsaye ta riƙe haɓarsa. Ɗigo ɗaya ya sauka daidai.

Ba ta saki haɓar ba. Mutane na wucewa, ba ta rage murya ba.

"Baban Zuhaira, ka ji ni da kyau, Allah ne shaida. Daga yau duk abin da na gani a tare da kai zan faɗa maka ranar da na gan shi. Ko zai ɓata maka rai, ko za ka ƙi cin tuwona, ko za ka juya mini baya. Ba zan ƙara yi maka shiru ba har ƙarshen rayuwata."

Darasi: Shirun da muke yi wa wanda muke ƙauna don kada ransa ya ɓaci, sau da yawa kanmu muke karewa, shi kuma yana biya da lafiyarsa. Idan ka ga abin da zai cutar da naka, faɗa masa yau da tattausan harshe, fushinsa zai wuce. Kuma wanda ya amsa kuskurensa a gaban mutane zai iya rasa kujerarsa, amma sunansa na nan. Ku tura wannan ga wanda kuka daɗe kuna ɓoye wa wata gaskiya, ku kuma raba shi ga ƴan'uwa.